Ɗan Hakin da Ka Raina: Rainannen Jarumi a Gatanar Hausa ta Fuskar Harshe

1. Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san cewa a tatsuniya ba kasafai mai ƙarfi yake cin nasara ba. Kura tana da ƙarfi da haƙora, amma ita ake yi wa dariya. Dodo yana razana gari guda, amma yaro ne ke kashe shi. Ɗiyar matar so tana da gata, amma ɗiyar bora ce ke shigowa gari bisa doki. Masu nazarin adabin duniya sun daɗe da lura da irin wannan juyin. Stith Thompson, Ba'amurken da ya tsara kundin ƙwayoyin jigon tatsuniyoyin duniya tsakanin 1932 da 1936, ya ware babi guda mai harafin L domin juyawar sa'a, inda ya sanya autan da ya rinjayi yayyensa da jarumin da ba a sa wa rai ba. Ƙagaggun labaran al'ajabi na Turai ma a kan wannan turba suka hau: a littafin da Tolkien ya fitar a Ingila a 1937, tauraron labarin, Bilbo, wani gajeren taliki ne mai son ci da zaman ɗaka, wanda aka tura kogon dodo.

Wannan maƙala za ta kira irin wannan tauraro rainannen jarumi. Manufarta ita ce nuna cewa a gatanar Hausa harshe ne ke gina rainin da ake yi masa, kuma harshe ne makamin da yake fita daga rainin da shi. Saboda haka nazarinsa ya shafi ɗalibin kimiyyar harshe kamar yadda ya shafi ɗalibin adabi.

2. Gatana a ƙasar Tasawa da Mayahi

Gundumomin Tasawa da Mayahi suna gabashi da arewa maso gabashin jihar Maraɗi. Tasawa tana kan babbar hanyar Damagaram, kuma mazaunin sarauta ce ta Katsinawa, tsatson tsoffin sarakunan Katsina da suka yiwo arewa bayan jihadi a farkon ƙarni na 19. Mayahi kuwa tana bakin Gulbin Kaba, kwarin goriba da gonakin gero. Hausar yankin tana tsakanin Katsinanci da Gobiranci, kuma a nan, kamar sauran ƙasar Hausa ta yamma da arewa, kalmar gatana ta zauna daram a gefen kalmar tatsuniya. Ana ganin dangantakarta da mabuɗin da kowa ya sani, “Ga ta nan, ga ta nanku.”

Wajibi ne a tuna da masu ba da gatana da masu sauraronta. Galibi kaka ce ko uwa ko ƴa babba ke ba da ita, da dare, musamman bayan an kai amfanin gona rumbu, kuma yara ne masu saurare. Waɗannan su ne mutanen da ba a jin muryarsu a fada ko a zauren maigida. Gidan da suke zaune gida ne na kishiyoyi da ƴan uba da gandu wanda babba ke riƙe da shi. Ke nan idan gatana ta ɗaukaka ɗiyar bora ko auta, tana magana ne a kan mutanen da ke zaune a kan tabarmar da ake ba da ita. Marufin gatanar, “Ba domin Gizo ba da na yi ƙarya,” shi ke ba mai magana kariya: abin da ta faɗa a kan sarki ko mowa ƙaryar Gizo ce, ba mai kama ta da laifi.

An daɗe ana rubuta waɗannan labarai. Schön ya buga Magana Hausa a 1885. Landeroin da Tilho, na tawagar Faransa da ta shata iyaka tsakanin kogin Kwara da tafkin Cadi, sun fitar da nahawu da tatsuniyoyin Hausa a 1909. Frank Edgar ya buga Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa cikin juzu'i 3 tsakanin 1911 da 1913, sannan Tremearne da Rattray suka fitar da nasu a 1913. Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara Tatsuniyoyi da Wasanni a farkon shekarun 1970, Jacques Pucheu kuma ya fitar da tatsuniyoyin Hausar Nijar cikin Faransanci a 1982. Gatanu ukun da za a duba a nan gaba gama-gari ne a ƙasar Hausa, ko da yake kowace tsohuwa da yadda take juya su.

3. Yadda harshe ke gina raini

Hanya ta farko ita ce suna. Rainannen jarumi ba shi da sunan yanka. Ana shigo da shi da “wani yaro” ko “wata yarinya”, daga nan sai a riƙa kiran sa da matsayinsa a gida: auta, maraya, marainiya, ɗiyar bora, ɗan tsohuwa. Wani lokaci da lalurarsa ake kiran sa, kamar kuturu ko makaho. Manyan labarin kuwa da sarautunsu ake ambaton su: Sarki, Galadima, Waziri. Duk waɗannan sunaye na jarumin ma'anarsu ba ta cika sai an kwatanta da wani. Ba a zama auta sai akwai yayye, ba a zama bora sai akwai mowa. Tun kafin jarumin ya yi motsi, sunansa ya riga ya faɗa wa mai saurare wanda ke samansa.

Hanya ta biyu ita ce tsigilau, wato ɗan da ƴar da ƴan. Waɗannan kalmomi suna ɗauke da ma'anoni aƙalla uku: haihuwa (ɗan sarki), sana'a ko asali (ɗan kasuwa, ɗan Tasawa), da ƙanƙantarwa (ɗan yaro, ƴar bukka). Gatana tana cika duniyar jarumin da ma'ana ta uku. A ƴar bukka yake kwana, ƴar tsohuwa ce ke saukar da shi, ɗan ƙwai ake ba shi. Sai dai ƙanƙantarwa a Hausa tana tafe da tausayi, domin wanda ya ce “ƴar tsohuwa” ya rage mata girma kuma ya jawo ta kusa da zuciya. Da kalma guda mai ba da gatana take nuna cewa jarumin ba kowa ba ne, kuma take sa yara su bi bayansa. A nan Hausar yankinmu tana da abin lura: ɗiya ce kalmar yau da kullum a inda daidaitacciyar Hausa ke cewa ƴa, kuma masana tarihin harshe sun nuna cewa sautin ƴ daga ɗy ya samo asali. Mai cewa “ɗiyar bora” da “ƴar bukka” ya bambance haihuwa da ƙanƙantarwa, alhali a daidaitacciyar Hausa kalmar ƴar ce ke ɗaukar nauyin duka biyun.

Hanya ta uku tana cikin kalmar raina kanta. A rubuce kalma ɗaya ce, amma a furuci aikatau biyu ne da karin sauti ya raba: mai karin sama-ƙasa, wanda ya ba da raini, da mai karin ƙasa-sama, wanda ya ba da raino. Marainiyar gatana ita ce wadda ta rasa raino ta gamu da raini. Karin magana ma ya tanadi gargaɗi a kan haka: “Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido,” da “Wanda ya raina gajere bai taka kunama ba.” Ana iya ɗaukar gatanar rainannen jarumi a matsayin warwarar waɗannan karin magana cikin zube.

4. Magana a matsayin makami

4.1 Ɗiyar bora: ladabi da kame baki

A tatsuniyar Ruwan Bagaja, ɗiyar mowa ce ta yi fitsari a kirgi da dare, aka ɗora wa ɗiyar bora laifin, aka ce ta je ta wanko shi a Ruwan Bagaja. A hanya ta riƙa tarar da koguna na abinci iri-iri, kowanne ta tambaye shi cikin ladabi, kowanne ya yi mata tayi, ta ƙi ci ta wuce. Bayan ta yi wankin sai hadari ya kora ta wata bukka, inda ta tarar da Cinya da Kare. Cinya ba ta da magana sai gunaguni, Kare ne ke fassarawa. Yarinyar ta yi sallama, ba ta yi dariya ba, ba ta yi tambayar tonon asiri ba. Aka ba ta abin dafawa kaɗan, ta dafa bisa umarni, ya yawaita. Da za ta tafi aka ce ta zaɓi ƙwai, ta ɗauki ƙarami, ta fasa shi inda aka ce, dukiya da dawaki suka fito. Ɗiyar mowa ta bi sawu, ta ci duk abin da aka yi mata tayi, ta yi wa Cinya ba'a, ta ɗauki babban ƙwai, ta koma gida da abin kunya.

Denise Paulme, a littafinta na 1976 kan sigogin tatsuniyoyin Afirka, ta kira irin wannan zubi mai kamar madubi: taurari biyu, hanya ɗaya, jarrabawa ɗaya, sakamako kishiyar juna. Tun a 1928 Vladimir Propp, wanda ya fitar da matakai 31 daga tatsuniyoyin al'ajabi 100 na Rasha, ya nuna cewa kafin jarumi ya sami abin tsafi sai mai bayarwa ya jarraba shi. Abin da ya kamata ɗalibin harshe ya lura da shi a nan shi ne, jarrabawar Ruwan Bagaja kusan duk ta hulɗar magana ce. Ana gwada ko yarinya ta san tayi na kunya ne ba na ci ba, ko ta iya sallama ga wanda bai yi kama da mutum ba, ko za ta iya karɓar saƙo ta bakin tafinta, ko za ta iya yin shiru a gaban abin mamaki. Duk waɗannan dokoki ne na kunya da kara. Ɗiyar bora ta koye su ne domin a gidansu kuskuren baki yana jawo mata duka. Ɗiyar mowa ba ta taɓa biyan kuɗin maganarta ba, shi ya sa ba ta iya ba. Rainin da aka yi wa ta farko shi ya zama makarantarta.

4.2 Auta: amsa kirarin Dodo

Auta ya saɓa wa wannan darasi gaba ɗaya. A ƙaulin da ya fi yaɗuwa, iyaye sun mutu sun bar wa ƴarsu wasiyya kada ta bar ƙanenta ya yi kuka. Da wannan wasiyya Auta ya ƙone rumbun abinci, ya cuci ɗan sarkin da ya sauke su, har tsuntsun da ya cece su bai tsira daga tsokanarsa ba. Daga bisani suka sauka gidan wata tsohuwa a garin da Dodo ke zuwa kowane dare yana kirari yana neman wanda ya isa ya ja da shi. Kowa yakan rufe ƙofa ya yi tsit. Auta ya gasa duwatsu a wuta, ya amsa wa Dodo, da Dodo ya hangame baki ya jefa masa su har ya mutu. Ya yanke wutsiya, ya bar takalminsa. Da safe manyan gari suka yi ta da'awar kisan, takalmin bai shiga ƙafar kowa ba sai tasa.

Irin wannan hatsabibin yaro sananne ne a Afirka ta Yamma, har wasu masana a Faransa, cikinsu da Görög da Seydou, suka ware masa littafi guda a 1980. Ta fuskar harshe, jarumtarsa ta fara ne kafin jifa. Kirari magana ce mai neman ɗaya daga amsoshi biyu: shiru, wanda ke nufin sallamawa, ko martani, wanda ke nufin ja. Mulkin Dodo a kan shirun gari ya ginu, kuma wanda ya karya shirun shi ne yaron da bai taɓa koyon lokacin da ake kame baki ba. Halin da ya ƙone rumbu shi ne halin da ya ceci gari.

Yana da amfani a kwatanta wannan da labarin Bayajida, wanda gidajen sarautar Katsina da Gobir suke da rabo a cikinsa ta hanyar Hausa Bakwai. Ƙashin bayan labaran ɗaya ne: baƙo ya sauka gidan tsohuwa, ya kashe abin da ya addabi gari da dare, ya riƙe shaida, masu da'awar ƙarya suka kunyata, aka saka masa da aure da mulki. Amma Bayajida ɗan sarkin Bagadaza ne mai doki da takobi, kuma labarinsa yana kafa hujjar sarauta. Gatanar Auta ta ɗauki wannan zubi ta miƙa wa maraya mai duwatsun murhu. Abin da fada ke bayarwa a matsayin tarihi, tsakar gida tana bayarwa a matsayin ƙaryar Gizo, da tauraro daga ƙasan tsani.

4.3 Gizo: tsamin baki da zaƙin baki

Gizo, mijin Ƙoƙi, ba shi da ƙarfi kuma ba shi da ladabi. Ga shi da tsamin baki: masu ba da gatana da yawa sukan mayar masa da s ta koma sh, r ta koma y, har sarki ya zama shayki. A Hausa ganɗantawa tana da muhallinta, wato kafin wasulan i da e, kamar yadda kasa ke ba da kashi, gudu kuma ya ba da guje. Gizo yana ganɗantawa ba tare da kula da muhalli ba, kamar yaro mai koyon magana. Wannan furuci yana sa dariya, kuma yana sa manyan dawa su saki jiki da shi. Da wannan bakin ne ya haɗa Giwa da Dorina jan igiya, kowace tana zaton da Gizo take ja.

Sai dai Gizo ba kullum yake tsira ba. A labarinsa da hankaki, haɗama ta sa suka ƙwace fukafukan da suka ara masa suka bar shi a kan ɓaure tsakiyar ruwa. Gatana tana yarda cewa dabara ta fi ƙarfi, amma ba ta ɗaga mai yaudara zuwa matsayin ɗiyar bora. Idan aka jera taurarin uku za a ga hanyoyi uku da marar ƙarfi ke bi da magana a gaban mai ƙarfi: ya kiyaye dokarta, ya karya ta, ko ya murɗe ta.

5. Daga baka zuwa takarda

Rubutaccen zube na Hausa ya gaji rainannen jarumi, ya kuma kawo masa kishiya. A gasar da Rupert East ya shirya a 1933 aka sami Ganɗoki na Muhammadu Bello Kagara, sadauki mai kirari da takobi wanda ya yaƙi Turawa ya shiga ƙasar aljannu. A gasar ce kuma Abubakar Imam ya ari sunan Ruwan Bagaja, ya ba Alhaji Imam, wanda ya fita neman ruwan domin wanke kunyar da aka yi wa limamin da ya rene shi, kuma da wayo da iya baki ya riƙa kuɓuta, har a karonsa da Malam Zurƙe. A Magana Jari Ce, wanda ya fara fitowa a 1937, jarumin ma tsuntsu ne: aku ya tsare ɗan sarki Musa daga makircin waziri da labarai kawai, daga ƙarshe aka naɗa shi waziri. Sunan littafin ya taƙaita duk abin da sashe na 4 ya nuna.

Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, wanda ya fito a farkon shekarun 1950, yana tsakiya. Asalinsa labarin Ilya Muromets ne na Rasha: yaron da ya daɗe ba ya iya tafiya, baƙi suka zo suka warkar da shi, ya zama barde. Ya fara a rainanne, amma da aka ba shi ƙarfi sai ƙarfin ya zama makaminsa. Littattafan yaƙi da aljannu da suka cika kasuwar Kano daga baya, waɗanda ake karantawa har a Maraɗi da Tasawa, galibinsu wannan hanya ta sadauki suka bi. Marubucin da ke son ƙaga labarin al'ajabi mai ɗanɗanon ƙasar nan zai tarar cewa gatana ta tanadar masa wani irin jarumi dabam, wanda ba ya bukatar takobin tsafi.

6. Abin da ya rage wa ɗalibi

Tun da Kundin Sake Gina Ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, bukatar littattafan karatu za ta ƙaru, kuma gatana tana cikin abin da za a fara nema. Haɗarin shi ne a rubuta ta da daidaitacciyar Hausa kawai a watsar da asalin furucin. Misali guda ya isa. Gatana tana gudana ne da shuɗaɗɗen lokaci na biyu. A daidaitaccen rubutu “ya tafi” na lokaci na ɗaya da “ya tafi” na lokaci na biyu ba su da bambanci a ido, amma mai Gobiranci yakan ce “yat tahi”, “tac ce”, “sunka iso”, bambancin ya fito fili. Haka tsamin bakin Gizo, da amsa-kama, da waƙoƙin cikin labari: idan mai rubutu ya gyara su, ya share hujjar da wannan maƙala ta dogara a kanta.

Ga aikin da ake ba ɗalibai shawarar yi a lokacin hutu, a Maijirgi ko Urafan ko Kanambakashe ko duk inda mutum ya fito:

1. A nemi izinin mai ba da gatana, a naɗi muryarta, a rubuta garinta da kimanin shekarunta da karin harshenta.
2. A rubuta gatanar sau biyu, ɗaya yadda aka furta, ɗaya da daidaitacciyar Hausa.
3. A fitar da duk sunayen da aka kira tauraron da su daga farko zuwa ƙarshe, a duba ko sunan ya sauya bayan nasara.
4. A ƙirga tsigilau, a rarraba su bisa ma'anoni ukun da aka ambata.
5. A ware kowace gaisuwa da tayi da kirari da umarni, a nuna amsar da jarumi ya bayar da wadda kishiyarsa ta bayar.

7. Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa rainannen jarumi a gatanar Hausa ana gane shi ta sunan matsayi da tsigilau, kuma yana cin nasara ta yadda yake sarrafa magana: ɗiyar bora da ladabi, Auta da tsaurin ido, Gizo da yaudara. An ga yadda Abubakar Imam ya ɗauko wannan gado zuwa rubutu, da yadda sadauki mai takobi ya zo ya yi masa kishiya. Tsofaffin da suka riƙe gatanun nan a Tasawa da Mayahi suna raguwa, wayar hannu kuma ta karɓe hirar dare a gidaje da yawa. Wayar nan dai ita ce na'urar naɗar murya da ke aljihun kowane ɗalibi, kuma kakar da ke zaune a ƴar bukkarta a bayan gida tana riƙe da bayanan harshe da babu su a kowane ƙamus.